Daddawa a Hannun Marubuta: Sharhi a Kan Yadda Aka Nazarci Tsimammen Abincin Hausawa

1.0 GABATARWA

Akwai wani rukuni na abincin Hausawa wanda wuta kaɗai ba ta gama shi. Sai an jiƙa ko an dafa, sannan a rufe a ajiye, ya kwana ɗaya ko biyu ko uku, ya sake kama da ƙanshi da ɗanɗano, kafin a ce ya yi. A cikin wannan rukuni ne muke samun daddawa da nono da kindirmo da gasarar koko da ƙullun waina da na sinasir da na funkaso. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan yadda marubuta suka ɗauki irin wannan abinci, tun daga Turawan da suka fara rubuta sunayensa har zuwa kundayen da ɗalibanmu suke rubutawa a kwalejojin ilmi da jami'o'i. Za mu fi mai da hankali ga daddawa, saboda ita ce ta fi sauran wuyar aiki, kuma ita aka fi yi wa rubutu.

Abin da muke son nunawa shi ne, gadon da ke cikin wannan abinci yana ga ilmin yin sa, ilmin nan kuwa a hannun mata yake. Rubuce-rubucen da muke da su sun adana suna, sun auna sinadari, sun yi yabo, amma galibinsu a zaure suka tsaya, ba su shiga cikin gida inda ake aikin ba.

2.0 AIKIN KANSA

Kafin mu auna abin da aka rubuta, ya kamata mu shimfiɗa aikin kansa, don mai karatu ya ga mudun da muke awo da shi. Ɗorawa takan yi tutu da rani, 'ya'yanta su nuna da bazara. Idan an ɗebo an ɓare, sai a raba gari da ƙwaya. Garin nan mai zaƙi ana shan sa, kuma daga gare shi ne Bahaushe ya sami sunan launin da yake kira ruwan ɗorawa. Ɓawon shi ake jiƙawa a sami makuba ta yaɓen soro da daɓen ɗaki. Ƙwayar kuwa ita ce kalwa.

Kalwa tana da taurin gaske. Takan wuni ta kwana a kan wuta, ana ƙara ruwa ana iza itace, har ɓawonta ya yi laushi. Sai a zuba a turmi a surfa, wasu da ɗan yashi, wasu da toka, a wanke a rairaye, a tsince wadda ba ta fita ba. A sake mayar da ita wuta na ɗan lokaci, yawanci da 'yar kanwa, a tsane ta, a juye da zafinta cikin kwando ko ƙwarya ko buhu, a lulluɓe da ganye da tsummoki, a kai ta lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Bayan kwana biyu ko uku sai ta yi yauƙi, ta yi duhu, warinta ya tashi. Daga nan a kirɓa, a dunƙula ko a faɗaɗa, a shanya a rana.

A kowace gaɓa ta wannan aiki akwai hukuncin da mai sana'ar ce kaɗai za ta yanke. Ita za ta murza ƙwaya tsakanin yatsu ta san ko dahuwa ta isa. Ita ta san lulluɓin da ya ishi kalwa da bazara ba zai ishe ta da hunturu ba. Ita za ta shinshina daga bakin ƙofa ta san ko a buɗe yau ko a ƙara kwana. Idan ta yi gaggawa, kalwa ta fito gaya, ba ɗanɗano. Idan ta yi jinkiri, wari ya fi ƙarfin miya, jarinta ya tafi. Wannan sanin hukunci shi muke nufi da ilmin yi, kuma shi za mu nema a cikin kowane rukuni na marubuta.

3.0 MATAFIYA DA MASU ƘAMUS

Rukuni na farko shi ne na Turawan ƙarni na 19 da farkon na 20. A shekarar 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da matafiyi Mungo Park, kuma har yau Parkia biglobosa ake kiranta a littattafan kimiyya. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambaci daddawa cikin kayan da ya gani ana ciniki a ƙasar Hausa. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a na 1937. Bayan haka ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949.

Ba za a raina aikin waɗannan mutane ba. Kalmomi da yawa na sassan itace da kayan aikin gida waɗanda yaran birni ba su taɓa ji ba, a wurinsu za a same su yau. To amma aikinsu yana da iyaka iri biyu. Ta farko, ƙamus gidan suna ne. Zai gaya maka kalwa ƙwayar ɗorawa ce, da ita ake yin daddawa, daga nan ya wuce zuwa kalma ta gaba, don bibiyar aikin kwana huɗu ba hurumin mai ƙamus ba ne. Ta biyu, masu tattara bayanin maza ne, baƙi, masu ba su bayani kuma galibi malamai ne da fadawa da 'yan kasuwa. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Saboda haka daddawar da suka gani ita ce wadda ta riga ta bushe ta hau faifai a kasuwa, watau ƙarshen aiki.

Mata biyu ne suka nuna inda ƙofa take. Mary Smith, a littafinta Baba of Karo na 1954, ta zauna ta saurari tsohuwa guda ɗaya ta ƙasar Zazzau, sai ga rayuwar cikin gida ta fito fili yadda ba a taɓa ganin ta a rubuce ba. Polly Hill kuma, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a maƙalarta ta 1969 cewa akwai babban ciniki da matan kulle suke yi daga cikin ɗakunansu, wanda mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai gan shi ba. Dukkansu ba nazarin abinci ne ya kawo su ba, amma hanyar da suka bi ita ce ta dace da shi, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka bi sawunsu.

4.0 MASANA KIMIYYA

Rukuni na biyu shi ne na masana kimiyyar abinci. A 1980 G. Campbell-Platt ya buga nazari mai faɗi a kan ɗorawa da daddawa, daga 1981 kuma S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan ya shiga fitar da sakamakon bincikensa a kan iru, watau daddawar Yarabawa. Abin da aka tabbatar a taƙaice shi ne, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, musamman wadda ake kira Bacillus subtilis, su ne suke aiki a ƙarƙashin lulluɓin nan. Suna jure zafin dahuwa, suna farfasa furotin ɗin kalwa, suna fitar da gulutamet mai ba miya ɗanɗano, da kuma amoniya mai tashin hanci. Irin wannan ƙwaya ce take yin natto na Japan daga waken suya. Nono da gasara kuwa wasu ƙwayoyi ne dabam suke juya sukarin cikinsu ya koma tsami, tsamin nan kuma shi ke hana su saurin lalacewa a ƙasar da take da zafi irin tamu.

Wannan bincike ya yi mana babban amfani, don ya kawar da zargin da wasu 'yan boko suke yi cewa daddawa ƙazanta ce. Ya nuna busasshiyar daddawa tana ɗauke da furotin da ya kai sulusin nauyinta ko fiye, abin da ba ƙarami ba ne ga gidan da nama sai ranar kasuwa.

Duk da haka muna da ƙorafi uku. Na farko, da Ingilishi aka rubuta shi, a mujallun da ba sa isa ga malamin firamare, balle mai sana'a. Na biyu, hanyar gargajiya takan zo ne a zane guda mai akwatuna da kibiyoyi: a dafa, a surfa, a wanke, a rufe. Duk hukuncin da muka lissafa a sama ya ɓace a tsakanin kibiya da kibiya, mace kuwa ba ta fitowa sai a matsayin wadda aka sayi samfur a wurinta. Na uku, akan jera daddawa da iru da sumbala na Mali da Burkina Faso da netetu na Sanigal a ce abu ɗaya ne. Ga ƙwayar halitta hakan gaskiya ne, amma ga al'ada da sauran magana. Iru akan sayar da shi da laima, ƙwaya-ƙwaya ko a dame. Bahaushiya kuwa takan kirɓa ta busar, abin ya yi watanni bai ɓaci ba, ya shiga mangala ya bi fatake. Sunan nan dawadawa da ake amfani da shi a arewacin Gana daga Hausa ya fito, kuma duk wanda ya san hanyar fataken goro zuwa Gwanja ba zai yi mamaki ba. Madubin ɗakin bincike ba ya nuna irin wannan.

5.0 NAMU MARUBUTA

Rukuni na uku shi ne namu, watau masu nazarin al'adun Hausawa da Hausa. Mu ne ba mu da uzurin baƙunta ko na harshe, don haka a nan ne sharhi ya kamata ya fi tsanani. Mun lura da illoli huɗu.

5.1 Jerin sunaye

Duk wanda ya duba kundayen ɗalibai zai san yadda babin abinci yake tafiya. Akan kasa shi zuwa abinci mai nauyi, da marar nauyi, da abin sha, da kayan marmari, da kayan miya, sannan a jera sunaye a ƙarƙashin kowane. Daddawa takan sami layi ɗaya tsakanin gishiri da barkono. Wannan rabo na mai ci ne, watau na maigida da aka kawo wa akushi. Da a ce rabon mai dafawa aka bi, da an ga nono da koko da waina da daddawa, waɗanda aka warwatsa a gida huɗu, 'yan ɗaki ɗaya ne, don dukkansu dabara guda ta haife su: a sarrafa zafi da laima da lokaci, a kuma bar ɗan na jiya ya tayar da na yau. Bafulatana takan zuba ɗan ragowar nonon jiya a madarar yau, mai waina ma kafin zuwan yis na kanti da tsohon ƙullu ko ruwan tsami take tayar da sabo. Jerin sunaye ba zai taɓa nuna wannan zumunta ba.

5.2 Matsalar kalma

Turanci yana da kalma guda da ya game wannan aiki duka da ita, tun daga nono har giya. Da masu fassara suka zo, sai da yawa suka ɗauki "ruɓa", aka wayi gari ana koya wa yara cewa Hausawa suna cin ruɓaɓɓen abinci. Gaskiya ne mai daddawa kanta takan ce a bar kalwa ta ruɓe. Amma a bakinta akwai tazara mai nisa tsakanin wadda ta yi da wadda ta ɓaci, kuma a kan wannan tazara sana'arta take tsaye. Bugu da ƙari, Hausa ba ta yi wa abubuwan nan kuɗin goro ba. Ƙullu tashi yake yi, gasara tsami take yi, nono kamawa yake yi, jiƙo kuma tsimuwa yake yi. Giya da burkutu suna da nasu suna da nasu hukunci a shari'a, kuma babu Bahaushen da yake rikita su da kindirmo. Abin sha'awa shi ne, wannan rarrabewa ta yi kusa da ta masana kimiyya, waɗanda suka bambanta aikin da ke haifar da tsami, da mai haifar da amoniya, da mai haifar da barasa. Harshen ya riga ya yi rabin aikin, fassara ce ta rushe shi. Idan lalle sai an sami kalma ɗaya ta koyarwa, muna ganin "tsimamme" ta fi "ruɓaɓɓe" kusa da gaskiya, don tsimi yana nuna an ajiye abu da gangan domin ƙarfinsa ya fito. Ita muka sa a kan wannan takarda, muna kuma miƙa ta ga masana harshe su tantance.

5.3 Kiran ƙa'ida camfi

Masu sana'ar suna da ƙa'idoji: mazubin da ba a canjawa, hana buɗewa kafin lokaci, hana kowa da kowa sa hannu. Ɗalibi yakan kwashe su duka ya zuba a babin camfe-camfe. Alhali tsohon kwando da ganyen lulluɓi su ne matattarar ƙwayoyin da za su yi aikin, buɗewa kuma tana fitar da ɗumin da suke bukata. Ba mu ce kowace ƙa'ida tana da dalili irin wannan ba. Aikin manazarci shi ne ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya gwada, ya ware tsaba daga tsakuwa, maimakon ya yanke musu hukunci a dunƙule.

5.4 Yabo ba bincike

Illa ta huɗu kishiyar ta uku ce. Wasu marubuta, don kishin al'ada, sukan ce duk abin da kakanni suka ci lafiya ne zalla. Wannan ma guje wa aiki ne. Daddawar da aka shanya a bakin hanya tana kwasar ƙura da ƙuda. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cutar dabba, har da tarin fuka na shanu. Da rani, in nono ya yi ƙaranci, akwai masu ƙara masa ruwa da garin kuka. Wanda yake son sana'a ta ɗore shi ya fi cancanta ya faɗi waɗannan, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

6.0 ABIN DA ZA A RASA

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin damuwa, tun da har yanzu ana sayar da daddawa a kowace kasuwa? Amsa ita ce, abubuwa uku suna matsa mata lamba a lokaci guda.

Na farko shi ne dunƙulen kanti. Kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar da dunƙulensa a 1908, kuma a wannan shekara ce Kikunae Ikeda na Tokyo ya gano cewa gulutamet ne tushen ɗanɗanon nan na romo. Ashe ɗanɗanon da ake naɗowa a takarda ɗan'uwan wanda daddawa take bayarwa ne tun kafin a san sunansa, sai dai mafi yawan nauyin dunƙule gishiri ne. Amma ba daidai ba ne marubuci ya hau uwargida da faɗa. Dunƙule yana da araha, ba ya cin itace, ba ya sa kishiya ko maƙwabciya ta toshe hanci. Har wasu kamfanoni sun fitar da dunƙule mai ɗanɗanon daddawa, abin da ke nuna harshen mutane bai manta ba, ko da hannu ya fara mantawa.

Na biyu shi ne itacen. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa wuni ɗaya ya ishe shi. Unguwar Ɗorayi ta Kano daga jam'in ɗorawa ta sami sunanta, yau kuwa gidaje ne suka cike ta. Sai dai a nan akwai darasi mai ƙarfafa hujjarmu. Inda kalwa ta yi wuya, mata ba su bar sana'a ba. A Nijar da arewacin ƙasar Hausa an daɗe ana yin daddawar batso da gurguzu, watau ƙwayar yakuwa. A wasu wurare ana yi da ƙwayar ƙirya, a zamanin nan kuma da waken suya. Ƙwaya ta canja, aiki bai canja ba. Wannan ya isa shaida cewa dabarar ita ce gadon.

Na uku shi ne yankewar koyo. Ilmin da ba a rubuce yake ba, a gefen murhu ake ɗaukar sa, daga uwa ko kaka ko uwar miji. Yarinyar da take makaranta ba za ta kwana iza wuta ba, kuma ba mai hankalin da zai ce a cire ta daga aji don kalwa. Amma idan makarantar ta karɓe lokacinta, sannan ta koya mata cewa abin da kakarta take yi ruɓa ne da camfi, to an yi hasara biyu.

Hasarar kuma ba a tukunya kaɗai za ta tsaya ba, har adabi za ta shafa. Muna koyar da karin maganar nan "daddawa gaya wa manda baƙi" a matsayin misalin mai laifi yana zargin ɗan'uwansa. Ɗalibai nawa ne suka taɓa ganin manda, gishirin nan mai duhu, har su gane abin dariyar? In abu ya ɓace, karin maganarsa sai ta zama kwasfa. Haka kuma fura da nono: gero na manomi ne, nono na makiyayi, kuma ƙwarya ɗaya ta haɗa su shekaru aru-aru. Wanda ya rubuta ta a matsayin "abin sha" kurum ya tsallake tarihin zaman Hausawa da Fulani.

Yana da kyau mu duba yadda wasu suka yi. A 2013 Hukumar UNESCO ta sa kimjang na Koriya ta Kudu cikin jerin gadon al'adun duniya, watau al'adar taruwa a yi kimci a rarraba. A 2024 ta sa ƙwarewar yin aceke na Kwaddebuwa, abincin rogo da mata suke tsimawa, wanda 'yan Nijar suka yi suna wajen sayar da shi da kifi a Abijan. A duka biyun, aikin da masu aikin aka karrama. Daga ƙasar Hausa, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin a 2016, hawan salla na Kano kuma a 2024. Dukkansu abin alfahari ne, dukkansu kuma a fili ake yin su, maza ne a gaba. Na cikin gida yana jiran wanda zai rubuta shi yadda ya kamata.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga masu ƙamus sun riƙe suna, masana kimiyya sun bayyana sinadari, namu marubuta kuma sun jera sun yaba. Kowane ya kawo nasa, amma har yanzu mai sana'ar ba ta yi magana da bakinta ba. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, sassan Hausa na kwalejojin ilmi su riƙa tura ɗalibai, musamman mata, waɗanda zaure ba ya tsayar da su, su zauna da masu sana'a daga ɗora tukunya har shanya, su ɗauki bayani da kalmomin masu shi, tare da sunan gari da lokacin shekara. Na biyu, a tattara aikatau da sifofin da ake amfani da su a wannan aiki, a kwatanta na Kano da na Sakkwato da na Zazzau da na Maraɗi da na Damagaram. Na uku, sashen Hausa ya haɗa kai da na kimiyya da na tattalin gida, a gwada ƙa'idojin da ake kira camfi, a kuma nemo hanyoyin tsabta da mai ƙaramin jari za ta iya. Na huɗu, a mayar da sakamakon binciken kimiyya cikin Hausa mai sauƙi, ya shiga littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi masu yawa ko tafiya mai nisa. Tsofaffin da suka san shi suna nan a garuruwan da kwalejojinmu suke, wasunsu ma iyayen ɗalibanmu ne. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je an ɗebo ta tun tana nan. Allah ya sa mu dace.